Sarauniya Mangu ta Lugu da Ƙasar da Iyaka ta Raba

A cikin manyan mutanen da tarihin Nijar yake ambato, kaɗan ne sunansu ya kai inda sunan Sarauniya Mangu ya kai. An sa wa makarantu da gidan rediyo sunan sarautarta, an rubuta littafi a kanta, an kuma yi sinima. Amma duk da wannan shahara, mutane da yawa ba su san irin sarautar da ta riƙe ba, balle matsayin ƙasar da ta tsaya a kanta ranar da sojan Faransa suka auka wa garinta cikin shekarar 1899. Abin da ya kamata mai karatu ya sani tun da fari shi ne, a wannan rana garin Lugu yana cikin rabon Ingila ne bisa ga takardar da Turawa suka sa wa hannu. Da an bar layin iyaka inda aka fara jan shi, da yau Najeriya ce take lissafa Mangu cikin jarumanta. Saboda haka tarihin wannan mata tarihi ne na jama'a guda wadda iyaka ta ratsa ta tsakiyarta, ta bar wani sashe a Nijar, wani a Najeriya.

Asalin Lugu da sarautarta

Lugu ƙauye ne a arewa maso gabas da Dogon Dutsi, cikin ƙaramar hukumar Dankasari ta jahar Doso. Dattawan ƙasar suna faɗin cewa wata mace mai suna Ƴar Ƙasa ce ta kafa shi. Ta taso daga Daura tare da ƴan'uwanta, wani dutse da ake kira Tunguma yana yi musu jagora, inda dutsen ya tsaya kuwa nan suka sauke kayansu. Ita ce Sarauniya ta farko. Wani ɗan'uwanta ya zauna a Bagaji, daga gare shi ne aka sami sarautar Baura. Zuriyar waɗannan mutane su ne Gubawa, waɗanda kowa ya shaida su ne masu ƙasa, domin su ne suka fara saran daji suka ƙulla alkawari da iskokin wurin.

Daga baya, in ji masu ba da tarihi, sai Ari ɗan Mai na Barno ya iso ƙasar da mayaƙansa. Ya bar ɗa mai suna Akazama, wanda uwarsa ɗiyar ƙasar ce, kuma daga sunan Ari aka sami sunan Arawa da na Arewa. Gubawa suka bar wa zuriyarsa mulkin mutane da sha'anin yaƙi, su kuwa suka riƙe abin da ya shafi ƙasa da ruwan sama da ibadar gargajiya. Tun daga nan Arewa take tafiya da iko iri biyu: ga Sarkin Arewa da dawakinsa, ga kuma Sarauniya da Baura waɗanda albarkar ƙasa take hannunsu.

Sarautar Sarauniya ba ta yi kama da ta sauran sarakuna ba. Mai riƙe da ita ba ta da dogarai, ba ta kuma fita rangadi. Zamanta cikin ɗakinta ne, sanye da farin zane, tana kaɗin auduga, tana karɓar masu zuwa neman taimako. Ita ce take jagorantar yanka da roƙo domin damina ta yi kyau, annoba ta kauce, mata su sauka lafiya. Kusa da garin kuma dutsen Tunguma yake, inda ake kai ƙarar sata da rikicin gona da sauran al'amuran da suka gagari shaidu. Ba a gadon wannan sarauta daga uwa zuwa ɗiya kai tsaye. Idan Sarauniya ta rasu ana yin abin da ake kira tarkama: a ɗauki gawarta bisa kafaɗun maza, matan zuriyar suna zaune, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya, ko tana so ko ba ta so. Ta wannan hanya ce Mangu, ɗiyar Azna da aka haifa cikin ƙarni na 19, ta zama uwar Lugu.

Zamanin da ta tashi a cikinsa

Mangu ta yi ƙuruciyarta ta kuma yi girmanta cikin zamanin yaƙe-yaƙe. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, shekara guda bayan haka Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi. Kabawa, jikokin daular da Kanta ya kafa cikin ƙarni na 16, ba su saduda ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye daga Argungu, ya kuwa sami goyon baya daga yamma da arewa. Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka haɗa kai da shi da magadansa. Cikin manyan wannan ƙawance akwai Samna Ƙarhe na Tibiri, da Dauda Bugaran, da Isa Korombe na Zabarma. Wajen 1867 aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, inda Gwandu ta amince da ƴancin Kabi da abokanta. Da sulhun ya warware aka koma fagen fama, musamman zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau gado a 1883.

A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ɗauki Arewa da Kabi a matsayin ƙasashen da ba su san juna ba. Mayaƙin Tibiri yana kai gudummawa Argungu, Bakabe yana samun mafaka a Dallol Mawri idan yaƙi ya ci garinsa. Fatake suna ɗaukar gishirin Foga zuwa kasuwannin Kabi, ayarin goro na Gwanja yana ratsa Dandi ya wuce gabas. Ana auratayya, ana zuwa suna da zaman makoki. Lugu kuwa ta zauna bisa addinin kakanninta, Musulmi da Azna suna zuwa gare ta da bukatunsu. Cikin wannan hali ne Mangu ta riƙe ɗakin Sarauniya har tsufa ya same ta.

Rabon ƙasa a takarda

Tun mutanen Arewa ba su ga sojan Turawa ba aka fara raba ƙasarsu a Turai. Cikin watan Agusta na 1890 Faransa da Ingila suka ja layi daga Sayi, bakin kogin Kwara, zuwa Barwa, bakin tabkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake mallakar Sakkwato ya zama na Ingila. A 1891 wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya bi ta Doso da Argungu har Sakkwato, ya ga da idonsa cewa Kabi da maƙwabtanta ba sa bin Sarkin Musulmi. Faransawa suka riƙe wannan hujja, gardama ta yi tsawo, har ranar 14 ga watan Yuni na 1898 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya a Paris.

Bisa ga wannan takarda, iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri ta yi arewa, har ta haɗu da wata da'ira da aka zana kewaye da birnin Sakkwato, mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160. Abin da yake cikin da'irar na Ingila ne, abin da yake wajenta na Faransa. Da wannan zane aka tsaga Arewa gida biyu, Lugu da Birnin Ƙonni suka faɗa rabon Ingila. Ba a shawarci Sarkin Arewa ba, ba a shawarci Samna ba, balle Sarauniya. Masu zanen ba su kula da rijiyoyi ba, alhali hanyar da aka bar wa Faransa daga kogi zuwa Damagaram ta bi ta ƙasar da ruwa yake wuya ƙwarai cikin rani. Wannan ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka jawo wa Lugu masifa.

Ayarin Voulet da Chanoine

Gwamnatin Faransa tana so ta haɗa ƙasashen da ta kama a Afirka ta yamma da ta arewa da ta tsakiya, mahaɗar kuwa ita ce tabkin Cadi. Sai ta shirya ayari uku: na Foureau da Lamy daga Aljeriya, na Gentil daga Kongo, da na kapitan Voulet da kapitan Chanoine daga kogin Kwara. Voulet shi ne wanda ya ci Wagadugu a 1896, an kuma san shi da rashin tausayi. Tare da su akwai hafsoshi Joalland da Pallier da Peteau, da likita Henric. Sojojinsu baƙaƙen fata ne, mafi yawansu an ɗauke su ne da alkawarin ganima, ga kuma ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata, da garken shanu. Suna da bindigogi masu saurin harbi da igwa guda.

Taro mai yawa haka ba ya rayuwa sai da ƙwace. Cikin watan Janairu na 1899 suka kashe mutum 101 a Sansanin Hausa, maza da mata da yara. A ƙarshen watan Voulet ya kori Peteau, wanda wasiƙunsa ne daga baya suka tona asirin ayarin a Faransa. Da suka ga hanyar arewa babu ruwa, sai suka gangaro Dallol Mawri suka bi shi, suna ƙona garuruwa, suna kwashe hatsin rumbuna, suna kama bayi. Garin da ya buɗe ƙofa ya ba da abinci har ya tsiyace, wanda ya ƙi kuwa ya sha wuta. Suka yada zango a Matankari, daga nan suka yi niyyar ratsa rabon Ingila su nufi gabas. Lugu tana bisa wannan hanya.

Ranar Lugu

Labarin ɓarnar ayarin ya riga shi isowa. Mutanen ƙauyuka da yawa suka kwashe iyalinsu suka nufi Lugu, domin sun yi imani cewa ƙasar Sarauniya ba ta ciwuwa. Maharba da ƴan baka suka taru a Lugu da Tugana, maƙwabciyarta. Joalland, cikin littafin da ya buga a 1930 mai suna Le Drame de Dankori, ya ambaci Mangu da sunan tsohuwar matsafiya, ya kuma nuna cewa ta aika musu da saƙon raini maimakon ta miƙa wuya. Wannan shaida ta bakin abokin gaba ta tabbatar da abu biyu: Mangu dattijuwa ce a lokacin, kuma da saninta da yardarta aka tsaya.

Ranar 16 ga watan Afrilu na 1899, da sassafe, Voulet ya iso da wani sashe na sojansa. Suka jeru suka yi ta sakin wuta. Mayaƙan Azna, da ba su da makami sai kwari da baka da mashi, suka ja da baya zuwa cikin kurmi mai sarƙaƙiya inda suka ɓoye mata da yara, suka tsaya a nan. Da sojan suka kutsa cikin ƙaya, bindiga ta rage amfani, kibiya mai dafi ta sami hanya. Aka yi ta gwabzawa har rana ta take tsaka. Lissafin Faransawa da kansu ya nuna an kashe musu soja 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7000, wanda babbar asara ce ga ayarin da ba shi da inda zai sami wani. Wannan shi ne faɗa mafi tsanani da suka gamu da shi tun tasowarsu daga kogi.

Jama'ar Sarauniya sun yi asarar rayuka masu yawa, an kuma ƙone garin. Amma ba a kama Mangu ba, ba ta kuma sa hannu bisa wata takarda ba. Ita da mutanenta suka watsu cikin daji. Dattawa suna faɗin cewa ta rikiɗa ta zama damisa ta ɓace wa maƙiya, wannan kuwa yana nuna irin girman da take da shi a zukatan mutanenta. Aikin da ta yi a ranar aikin sarautarta ne: ta ba mayaƙa ƙarfin zuciya, ta tsare alkawarin da yake tsakanin jama'a da ƙasarsu, ta ƙi yarda baƙo ya taka wurin da kakanninta suka tsarkake ba tare da ya biya diyya ba.

Abin da ya biyo baya

Ayarin ya wuce gabas, cikin watan Mayu ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, inda mutane masu ɗimbin yawa suka halaka. Da labari ya kai Paris aka aiki kolonel Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ya bi su ta kan tokar garuruwa da gawarwaki har ya cim musu kusa da Tasawa. Ranar 14 ga watan Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana uku ba sojojin suka juya wa shugabanninsu: aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, kaburburansu suna Maijirgi. Tsakanin faɗan Lugu da mutuwarsu wata uku ne, shi ya sa mutanen Arewa da yawa suke danganta wannan mugun ƙarshe da bakin Sarauniya. Sauran ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, ya kuma haɗu da sauran biyun a Kuseri, inda aka kashe Rabe ranar 22 ga watan Afrilu na 1900.

Da ƙura ta lafa Mangu ta komo da waɗanda suka tsira, aka sake gina Lugu, ta koma ɗakinta da kaɗinta. Amma duniyar da ta sani ta riga ta sake. Ingilishi suka ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903. Faransawa kuwa suka dage sai an ba su hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka gyara iyaka cikin yarjejeniyar 8 ga watan Afrilu na 1904, aka ƙara gyara ta ranar 29 ga watan Mayu na 1906. Daga 1906 zuwa 1908 kapitan Tilho na Faransa da manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi. Da haka Lugu da Ƙonni suka koma rabon Faransa, Arawan kudu kuwa, na wajen Kangiwa, suka zauna rabon Ingila. Cikin ƴan shekaru kaɗan garin Mangu ya tashi daga hannun wata daula zuwa na wata, ba tare da ita ta ɗaga ƙafa daga ɗakinta ba.

Talakawa dai ba su ɗauki layin a bakin kome ba. Shaida ita ce tawayen Kobkitanda, a kudancin Doso, a ƙarshen 1905. Da Faransawa suka murƙushe shi, jagoransa Alfa Saibu, wani malami makaho, ya tsallaka zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda aka yi wa Ingilishi mummunar ɓarna cikin watan Fabrairu na 1906 kafin a rushe garin. Mangu ta rasu cikin shekarun farko na ƙarni na 20, aka yi mata tarkama kamar yadda aka yi wa magabatanta, sarautar ta ci gaba a hannun matan zuriyarta.

Jama'a guda, iyaka a tsakani

Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga watan Agusta na 1960, Najeriya ranar 1 ga watan Oktoba, kuma a taron Alƙahira na 1964 ƙasashen Afirka suka amince su riƙe iyakokin da suka gada. Yau Arawan Nijar suna gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda aka cire daga cikinta a 2011. Arawan Najeriya suna jahar Kabi da aka kafa a 1991, musamman ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedkwata a Kangiwa. Ɗan wannan gefe ya koyi Faransanci a makaranta, ɗan wancan ya koyi Turancin Ingila. Wannan yana ciniki da sefa, wancan da naira. Amma Hausar da suke yi a gida iri guda ce, askar fuskar kakanninsu guda ce, wato tsaga biyu a kowane kunci daga gefen baki zuwa kunne. Furar hatsi da tuwo, kiɗan goge na ƴan bori, kokowar bayan girbi, tsarin aure da suna, duk tushensu guda. Har wasan taubasantaka da Barebari, wanda ya samo asali daga labarin Ari, yana nan. Hukumar UNESCO ta sa taubasantakar Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014, ta sa bukin kamun kifi na Argungu a 2016.

Akwai kuma wani rabo cikin Nijar kanta. Waɗansu Arawa da Gubawa sun yi yamma tun da daɗewa, suka zauna wajen Sokorbe da Loga, suka ɗauki Zabarmanci suka bar Hausa. Zabarmawa suna ce musu Mawri da Gube. Harshe ya bambanta, amma aska da tarihin asali sun nuna jini guda ne.

Irin wannan hali ba a Afirka kaɗai ake samunsa ba. A tekun Karibiyan, kusa da Amurka, akwai tsibirin da Kolombus ya sauka a 1492, wanda ƙasashe biyu suke zaune bisansa: Hayiti a yamma, Jamhuriyar Dominikan a gabas. Faransa da Ispaniya ne suka raba shi, suka tsaida iyaka a yarjejeniyar Aranjuez ta 1777. Hayiti ta ƙwaci ƴancinta ranar 1 ga watan Janairu na 1804, shekarar da jihadi ya tashi a ƙasar Hausa, Dominikan kuwa ta zama ƙasa mai zaman kanta a 1844. Mutanen yamma suna magana da Kireyol da Faransanci, na gabas da Ispaniyanci. Duk da haka abincinsu na yau da kullum shinkafa da wake da ayaba ne, ganguna da yawa na ɓangarorin biyu daga Afirka suka zo tare da bayi. Bautar iskoki da ake kira vodu a Hayiti, mai kama da bori wajen hawan iska, tana da ƴar'uwa a Dominikan. Jerin gwanon kiɗa da ake kira rara a yamma lokacin azumin Kirista, shi ne gaga a gabas. A garin Dahabon na bakin iyaka, jama'ar ƙasashen biyu sun daɗe suna cin kasuwa guda.

Su ma suna da tasu sarauniyar da suke tarayya a kanta, Anakawona, ta mutanen Tayino, ƴan asalin tsibirin. Ƙasarta, Haraguwa, tana gefen Hayiti na yau, ƙasar mijinta Kawonabo tana gefen Dominikan. A 1503 gwamnan Ispaniya Ovando ya yaudari manyan ƙasarta ya halaka su, ita kuma aka rataye ta. Har yau kowace ƙasa cikin biyun tana ɗaukar ta tata ce. Amma wannan zumunta ba ta hana masifa ba sa'ad da masu mulki suka mai da iyaka abin ƙiyayya. Cikin watan Oktoba na 1937 shugaban Dominikan, Trujillo, ya ba soja umurni suka karkashe dubban mutanen Hayiti mazauna bakin iyaka, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, suka yi aure, suka haifu.

Tsakanin Nijar da Najeriya ba a taɓa ganin irin wannan ba. Tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Amma rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo baya a 2023, sun nuna wa kowa wanda yake fara jin zafi idan ƙofa ta rufe: manomi mai gona a ƙetare, da mai ɗan ciniki, da uwar da ɗiyarta take aure a wancan gefe.

Yadda ake tunawa da ita

Shekaru da yawa sunan Mangu bai wuce Arewa ba. A 1980 marubuci Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya, ya buga littafinsa na Faransanci mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi sinima, wadda aka ɗauka a Burkina Faso, ta kuma ci babbar kyautar bukin FESPACO na Wagadugu a 1987. Daga nan sunanta ya zagaya Afirka. Sai dai littafin ƙagaggen labari ne: ya nuna ta budurwa mayaƙiya mai kwari da baka, alhali dattawan Lugu da rahoton Faransawa sun haɗu bisa cewa dattijuwa ce mai tsaron ibadar ƙasa. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman a amince da su a matsayin gadon duniya.

Gaskiyar tarihin ba ta rage mata daraja ba. Tsohuwa mara soja, mara ganuwa, ta ƙi durƙusawa gaban ayarin da garuruwa masu birni suka kasa tsaidawa, ta kuma zama inuwar duk wanda ya gudo gare ta ba tare da an tambaye shi daga wane gefen Dallol ya fito ba.

Saboda haka akwai aiki gaban waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka iya rubutu da harshensu. Tsofaffin da suka ji labarin Lugu da na Samna Ƙarhe daga bakin iyayensu suna ƙarewa, a Matankari da Bagaji da Tibiri, da Kangiwa da Argungu. Ya kamata a zauna da su a rubuta abin da suka riƙe tun ana iyawa, a kuma gwada na wannan gefe da na wancan, domin rabin tarihin Arewa yana ƙetaren iyaka. Ma'aikatan hukuma kuwa, musamman masu aiki bakin iyaka, wajibi ne su tsare doka, su kuma riƙa tunawa cewa mutumin da yake miƙo musu takardar wata ƙasa, sau da yawa jikan waɗanda suka tsaya tare da kakanninsu ne a zamanin Mangu.